Waƙar da ke tafiya a gafaka: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar da na fito da wata tsohuwar takarda daga gafakar kakanmu a nan Garwa, arewacin Kamaru, waƙar ajami a gabanta, wasiƙa a bayanta, samarin unguwa ba su bar ni na huta da tambaya ba. Ga waɗanda suka fi maimaitawa.

Me ya haɗa waƙa da wasiƙa?

Hanya ɗaya suke bi. A da babu maɗaba'a, sai malami ya tsara waƙa, almajiri ya kwafa, a damƙa wa falke ko maniyyaci ya kai wa wani malamin. Shi kuma ya kwafi tasa, ya mayar da amsa, sau da yawa a kan ƙafiyar da aka aiko masa. Nana Asma'u (1793-1864) ta yi irin wannan musaya da ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo. Wasiƙun sarauta da na muhawara kuwa da Larabci aka fi yin su, kamar waɗanda Bello ya yi musaya da Shehu al-Kanemi na Borno a kan halaccin jihadi. Bello ya kwafe su cikin Infaƙul Maisuri a 1812, har da maganar abokin gardamarsa, shi ya sa muke karanta ɓangarorin biyu a yau.

Yaya aka yi suka iso arewacin Kamaru?

Ai a da ƙasar ɗaya ce. Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu, ya zauna a Yola a 1841, kuma lamidan Garwa da Marwa da Ngaundare can suke kai caffa. Malamai suna zuwa neman ilimi, fataken Hausawa suna zuwa neman hauren giwa, mahajjata suna ratsawa gabas ta Wadai, kowa da takarda a kayansa. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, daga Balda kusa da Marwa ya yi ta musayar wasiƙu da Mahadin Sudan a shekarun 1880. Da Jamusawa da Ingilishi suka ja iyaka, takarda ba ta daina ƙetarewa ba.

Mene ne tahamisi?

Shi ne mawaƙi ya ɗauki baiti mai ɗango biyu na wani, ya ɗora masa uku a gaba, ya zama biyar. Girmamawa ce, kuma amsa ce. Waƙar Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci Shehu Usmanu ya yi ta, Asma'u ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku ke nan a waƙa ɗaya, don haka duk editan da ya buga ta da suna ɗaya ya danne haƙƙin mutum biyu.

Ta ina ake gane shekarun takarda?

A fara daga ƙarshe. Mawaƙan da sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da in an tara lissafin baƙaƙenta sai ta ba da shekarar Hijira. A lissafin da malamanmu ke bi, baƙin shin dubu ne, ra ɗari biyu, sauran baƙaƙen su cike ragowar. Amma a kula, ramzi shekarar da aka tsara waƙar yake faɗa, ba shekarar da aka kwafi wannan takardar ba. Nan mutane da yawa suke ruɗewa, su ce suna riƙe da rubutun hannun mawaƙin kansa.

Sai a ɗaga takardar a rana. Tawa, in na ɗaga ta, jinjirin wata uku ne ke bayyana a jere, alamar takardar Italiya da ake kawowa ta Tarabulus da Masar. Tawadar ta koma ja-ja, gara ta ci kusurwa guda. A ƙasan kowane shafi akwai kalma ɗaya tilo, ita ce farkon shafin da ke biye, domin ba a ɗinke waɗannan littattafai. Can a ƙarshe mai kwafa ya rubuta sunansa da na wanda ya kwafa wa, ya roƙi gafara. Wannan layin ya fi komai daraja a wurina, don shi ne ke nuna hannun da waƙar ta bi.

Me masu tattara waƙoƙi suka yi?

Aiki babba. Pierre-Francis Lacroix ya buga waƙoƙin Fulanin Adamawa a 1965, Johannes Haafkens ya buga waƙoƙin addini na Fulatanci daga Marwa a 1983, Jean Boyd da Beverly Mack kuma suka fitar da rubuce-rubucen Asma'u a 1997, bisa takardun da ke gidan Waziri Junaidu a Sakkwato. Wahalar aikin ita ce kwafi biyu na waƙa ɗaya da wuya su dace kalma da kalma, kuma ajami yakan nuna tsawon wasali, boko ba ya nunawa, alhali ma'aunin waƙa a kan tsawon wasalin ya dogara. Editan kirki yakan faɗi kwafin da ya bi da gidan da ya aro shi.

Ba kowa ke yin haka ba. Wani mai bincike ya taɓa aron takardu huɗu a wurin baffana. Baffa ya ce masa, "Malam, amana ce, ta Baba ce." Har baffa ya rasu ba su dawo ba.

To mai irin waɗannan takardu a gida, me zai yi?

Kada ya manna musu salatif, kada ya kulle su a leda, don laima na taruwa a ciki. Ya bar su a jeren da ya same su, ya ɗora a wuri mai tsayi nesa da bango. Ya ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya da wayarsa, har da gefen da ake ƙananan rubutu. In mai bincike ya zo, ya ɗauki hoto a zaure a gaban mai gida. Sannan a nemi tsohon da ya iya rera waƙar a naɗi muryarsa, domin yaranmu da suka yi makarantar Faransanci suna iya haɗa baƙin Alƙur'ani, amma Hausar ajami tana yi musu wuya, karin waƙar kuma ba a rubuce yake ba.