Walwalar dabbobi: me ake nufi, kuma ina ta shafi mai cin nama a Legas?

Tun da gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, maganar walwalar dabbobi ta yawaita a bakin likitocin dabbobi da masu taron bita. A wuraren zaman mutanenmu na Agege da Kara, wasu in suka ji sai su yi tsaki, su ce wata sabuwar fitinar Turawa ce ta neman hana yanka. Ba haka ba ne. Masu cewa kada a ci nama kwata-kwata, kada ma a mallaki dabba, ayarinsu daban, su ne ake kira masu fafutukar haƙƙin dabbobi. Mai maganar walwala ya yarda a yi kiwo, a sayar, a yanka, a ci. Tambayarsa ita ce: a wane hali dabbar ta rayu, a wane hali kuma ta mutu?

Kusan haka Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda aka kafa a 1924 mai hedikwata a Faris, ta fassara abin: halin da jikin dabba da hankalinta suke ciki, gwargwadon yanayin da take rayuwa da wanda take mutuwa a cikinsa. A lura da ambaton hankali. Ba ƙiba kaɗai ake dubawa ba, har da tsoro da firgita. Sa yana iya zama ƙato mai tozo, amma a wahale yake.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi daga Ingila ya fito. A 1965 wani kwamiti da gwamnatin ƙasar ta naɗa a ƙarƙashin Farfesa Roger Brambell ya binciki yadda ake cunkusa kaji da aladu da 'yan maruƙa a manyan gidajen gona, kuma zuwa 1979 aka tace shawarwarinsa suka zama abubuwa 5. Kada dabba ta zauna da yunwa ko ƙishirwa. Ta sami inuwa da wurin kwanciya. A kare ta daga ciwo da rauni da cuta, in ta kamu a yi mata magani. A bar ta ta yi ɗabi'arta, saniya ta kwanta ta yi tuƙa, kaza ta yi tono ta yi birgima a ƙasa. Na ƙarshe, kada a jefa ta cikin tsoro da ƙunci. Bafulatanin da ya tashi a ruga ba zai ga sabon abu a nan ba, shi da yake kiran kowace saniya da sunanta ta amsa.

Matsalarmu a Legas ba a ruga take ba. A hanya take.

Legas na cin shanu fiye da kowane gari a Najeriya, amma ba ta kiwon su. Daga kasuwannin Potiskum da Maigatari da Wudil da Mubi ake loda su. Daga Kano kaɗai tafiyar ta kai kusan kilomita 1,000, ta Kaduna, Mokwa, gadar Jabba, Ilori, Badun, kafin a sauka a Kara da ke bakin babbar hanyar Legas zuwa Badun ko a wuce mayankar Oko-Oba a Agege. In hanya ta yi kyau kwana 2 ne, in mota ta lalace ko aka tsaya ciniki da masu shingen haraji sai abin da Allah Ya yi. Tirelar kuma ba don shanu aka ƙera ta ba, ta ɗaukar buhuna ce. Ana zuba yashi ko ƙaiƙayi a ƙasa, a ɗaure ƙahoni da jikin ƙarfe, a cika ta maƙil saboda kuɗin mota ɗaya ne ko shanu nawa aka zuba. Babu rufi, rana ta doke su, ruwan sama ya doke su. Sau da yawa babu sha babu ci har a iso. Wadda ta gaji ta kwanta, sauran su tattake ta, shi ya sa yaran da ke zaune a saman katako suke kwana suna tsikarin su da sanda don su miƙe. Wadda aka ga za ta tafi, a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Su kansu yaran, a gaskiya, walwalarsu ba ta fi ta shanun da yawa ba.

Don a ga nisan tazarar, dokar Tarayyar Turai ta 2005 ta ce babban sa ba zai wuce awa 14 a mota ba sai an tsaya aƙalla awa 1 an ba shi ruwa, sannan a ƙara wasu 14, daga nan dole a sauke shi ya huta awa 24. Ban ce mu kwafo ta yadda take ba, domin hanyoyinmu da tsaronmu ba irin nasu ba ne, kuma direban da ya tsaya sauke shanu a wani dajin da dare ya sayi tsautsayi da kuɗinsa. Amma wuraren shayarwa a manyan zangunan da motocin ke tsayawa dama can ba abu ne da ya gagari ƙungiyoyin fatake ba. An ma taɓa gwada jirgin ƙasa a 2016, aka kawo shanu daga Gusau zuwa Legas, abin bai ɗore ba.

Wani zai ce, to tunda yanka za a yi, mene ne na damuwa? Ko an ajiye tausayi a gefe, wahalar tana biyo naman har tukunya. A tsokar dabba akwai wani sukari da take ajiyewa. Bayan yanka, sukarin nan ne ke rikiɗa ya zama ɗan tsami, ma'aunin da ake kira pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauko zuwa wajen 5.5, kuma tsamin ne ke sa nama ya yi ja mai haske, ya yi ɗanɗano, ya jima bai lalace ba. Sa wanda ya kwana biyu a tsaye cikin yunwa da firgici ya riga ya ƙone sukarin. Ma'aunin namansa sai ya tsaya sama da 6, naman ya yi duhu, ya yi tauri, samansa ya bushe, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama da wuri. A gari mai zafi da laima irin Legas, inda nama ke wuni a kan tebur, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ga kuma tabon duka da na tattaka, inda jini ke taruwa a ƙarƙashin fata, wanda mahauci na ƙwarai sai ya yanke ya zubar. Tsofaffin mahauta sun san wannan tun kafin likita ya faɗa, shi ya sa suke cewa a bar sa ya huce kafin a kwantar da shi. Mai tsire ma ya san naman da ke shan yaji da wanda ke ba shi kunya.

A ganina abin da ya sa halin ya ƙi sauyawa shi ne babu wanda ke biyan kuɗin wahalar kai tsaye. Falke ya lissafa asarar sa ɗaya ko biyu a cikin farashi tun daga Arewa. Direba kuɗin lodi yake karɓa. Dillali la'adarsa na fita ko san ya rame ko bai rame ba, tunda da ido ake ciniki, ba da sikeli ba. Asarar sai ta rarrabu ƙanana-ƙanana, ta ƙare a kan matar da ta sayi kilo ɗaya a Mile 12 tana mamakin yadda naman ya ƙi dahuwa.

A kwata kuwa ba ma buƙatar kowa ya koya mana. Duk ɗan Islamiyya ya haddace hadisi na 17 a cikin Arba'una, wanda Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu: Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku yi yanka ku kyautata yankan, ɗayanku ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Malamai sun karhanta wasa wuƙa a gaban dabba, da yanka wata tana kallo, da fara fiɗa kafin rai ya gama fita. An kuma hana yi wa dabba lalas a fuska. Sai mutum ya kwatanta wannan da abin da ake gani a kwatoci da yawa: murɗe wutsiya har ta karye, jan sa a ƙasa da igiya a ƙafa, zuba wa wanda ya kasa tashi duka a ido da hanci, ana yanka wannan na bayansa yana tsaye a cikin jinin. Bisimilla dai an yi, naman ya halatta, amma rabin hadisin aka ɗauka. Batun sumar da dabba kafin yanka, wanda ake yi a mayankan zamani na ƙasashen waje, malamai sun yi saɓani a kansa, kuma ba shi ne gaggawarmu ba.

Kaji nasu labarin daban, don su a gidan gona wahalarsu take, irin waɗanda ke Ikorodu da Epe da cikin jihar Ogun. Kejin waya na kajin ƙwai, wanda Tarayyar Turai ta haramta tun 2012, yana ba kowace kaza fili da bai kai faɗin takardar A4 ba, kuma a nan shi ake yi wa kallon ci gaba. Burola, wato kazar nama, an ƙirƙiro irinta ne don ta kai yanka a mako 6, nauyinta na riga ƙashinta girma, shi ya sa ake ganin wasu a gurfane ba sa iya tashi. Cunkoso na kawo cuta, cuta na kawo ɗura magani, kuma ba kowane mai gona ke jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba su cika kafin ya kai kasuwa ba. Ragowar maganin a cikinmu yake ƙarewa.

Doka dai akwai ta a takarda. Sashe na 495 na tsohon kundin laifuffuka da ake aiki da shi a wasu jihohin kudancin ƙasar nan, ban da Legas da ta yi nata kundin a 2011, ya haramta dukan dabba da azabtar da ita da yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, hukuncin kuwa ɗaurin wata 6 ne ko tarar naira 50. Tarar da ba ta sayen ko tsinken tsire ɗaya ba za ta tsorata mai tirela ba. Wanda maganarsa ke da nauyi a kwata da kara shi ne Sarkin Fawa da shugabannin ƙungiya, waɗanda in suka ce daga yau ba a yanka sa sai ya sha ruwa ya kwana, kuma duk yaron da ya karya wutsiya maigidansa zai biya, gobe da asuba za a ga an fara bi.