Motar tsere mai rimot: me ake fara canzawa, kuma yaya ake kula da ita?

Duk wanda ya fara riƙe rimot, tambayarsa ta farko ita ce yadda zai ƙara wa motar gudu. Ni kuwa a ganina inji shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya kashe wa kuɗi. Ga tambayoyin da sababbin shiga suka fi yi, da abin da nake ba su amsa da shi.

Motar rimot da na saya wa yarona a kasuwa, za a iya ƙara mata gudu?

Da wuya. Irin waɗannan motocin wasan yara, komai nasu na kan faranti ɗaya ne a ciki, kuma ba a sayar da kayan gyaransu. Giya ɗaya ta cinye, shi ke nan an ajiye mota. Motocin tsere masu rimot na gaske daban suke. Kamfanoni irin su Tamiya da Kyosho na Japan, da Traxxas da Team Associated na Amurka, suna ƙera su ne yadda kowane ƙarfe da kowace roba ke da lambarta, a kwance a sauya. Tamiya ta fitar da motarta ta farko mai rimot tun 1976, kwaikwayon Porsche 934. Girman da ya fi yawa shi ne 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na motar gaske. Akwai kuma Mini-Z ta Kyosho da ta fito a 1999, wadda take zama a tafin hannu, ana tsere da ita a cikin ɗaki.

To idan na samu ta gaske, me zan fara saya?

Boris, wato zoben ƙarfe mai ƙananan ƙwallaye a ciki da ke sa sanda ta juya sumul. Mutane sukan yi mamakin wannan amsa, domin boris ba ya ƙyalli, ba wanda zai gan shi ya yaba. Amma ɗauki Tamiya TT-02, wadda da yawa suke fara koyo da ita: ainihin samfurinta yana zuwa ne da zobban roba a inda ya kamata a ce boris ne. Zoben roba yana gogar sandar da ke juyawa a cikinsa, ƙura ta shiga ta haɗu da giris ta zama kamar yashi, sannu a hankali ramin ya faɗaɗa, taya ta fara rawa. Gwada da kanka. Cire ƙaramar giyar da ke bakin inji, ka tura motar a kan siminti da yatsa, ka sa alama inda ta tsaya. Bayan ka sa boris ka sake turawa, za ka ga ta wuce alamar da nisa. Ƙarfin da gogayya ke cinyewa a da, yanzu ya koma gudu, batir ya ƙara daɗewa, inji ya rage zafi. Wanda zai haɗa sabuwar mota, ya sa boris tun ranar farko, don sa shi daga baya sai an kwance kusan komai.

Bayan boris fa?

Taya, sannan shokazoba. Taya ce kaɗai ke taɓa ƙasa, kuma wadda ta dace da kwalta ba ta dace da turɓaya ba: ta kwalta sumul take ko mai siririn zane, ta ƙasa kuwa mai ƙuraje ce. A motocin tsere ana liƙe bakin taya da rim da sufa gulu, in ba haka ba rim zai riƙa juyawa a ciki taya na tsaye. Goge bakin da kyau kafin ka ɗiga, kuma kaɗan ya isa.

Shokazoban da ke zuwa da motoci masu araha sifirin ne kawai, babu mai a ciki, shi ya sa motar ke tsalle kamar fara idan ta taka tsakuwa. Mai ɗauke da mai yana shanye tsallen. Man silikon ake zubawa, mai lamba kamar 300, 400 ko 500, kuma lamba na hawa kauri na ƙaruwa. Kada a zuba baƙin mai na inji, yana lalata zobban robar da ke tare yoyo. Idan ka zuba, ka motsa sandar sama da ƙasa a hankali, za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa. Ajiye shi a tsaye ka ba shi minti goma su fita kafin ka rufe. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ji shokazoban yana ƙugi, ɗaya ya fi ɗaya tauri, mota tana karkata a kwana.

Yaushe zan sa babban inji?

Lokacin da ka iya zagaye fili sau goma ba ka bugi komai ba. Inji iri biyu ne. Akwai mai kabon, wanda kabon ɗinsa ke cinyewa da aiki, akwai kuma marar kabon, wanda ya fi ƙarfi da ƙarko. Za ka ga an rubuta 21.5T, 17.5T ko 13.5T a jikinsa. Wannan adadin naɗin waya ne, kuma lamba na raguwa gudu na ƙaruwa. Inji marar kabon ba ya aiki sai da na'urar daidaita gudu irin tasa, wadda ake kira ESC, don haka a lissafa kuɗinsu tare.

Abin da ke kashe sabon inji shi ne giya. Ƙaramar giya mai haƙora da yawa tana ƙara gudu, amma tana ƙara zafi. Yi minti biyar ka tsaya ka taɓa: idan yatsanka bai iya zama a kai na daƙiƙa uku ba, rage haƙora ɗaya ko biyu. A zafin Maris da Afrilu irin namu, wannan gwaji ya zama dole. Wajen haɗa ƙaramar giya da babba kuma, saka siririyar takarda tsakaninsu, ka matse, ka ɗaure noti, sannan ka juya takardar ta fita. Ɗan ratar da ta bari shi ake so. Ya matse da yawa inji ya wahala, ya buɗe da yawa haƙora su zube.

An ce batirin LiPo yana kamawa da wuta. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma a nan ba na sassauci. Tsohon batirin NiMH mai volt 7.2 yana da haƙuri. LiPo ya fi shi ƙarfi da rashin nauyi, amma ba ya yafe ganganci. Wanda aka fi amfani da shi mai sel biyu ne, wato ƙananan batura biyu a haɗe, volt 7.4. Kowane sel yana cika a 4.2, bai kamata ya sauka ƙasa da 3.0 ba, shi ya sa ake saita ESC ta yanke wuta kafin a kai nan. Idan za a ajiye shi fiye da 'yan kwanaki, a bar kowane sel a wajen 3.8. Caja tasa ta musamman ce mai daidaita sel-sel, kuma batir mai 5000mAh, wato yawan wutar da yake ɗauka, a caja shi a amp 5.

Al'adarmu ta jona kaya idan an kawo wuta cikin dare a koma barci, ba ta LiPo ba ce. A caja shi ido na kai, a kan siminti, nesa da katifa da labule, da bokitin yashi a kusa. Kada a bar shi cikin mota a rana. Ya kumbura, ko ya fashe a haɗari, ya gama aiki, kada a huda shi.

Yaya zan yi da ƙura?

Bayan kowane wasa cire batir, ka bi motar da burushin fenti busasshe, ka hura. Kada ka watsa mata ruwa. A lokacin hunturu, kowane mako biyu zuwa uku cire boris ɗin tayoyi ka juya kowanne tsakanin yatsu biyu. Wanda ka ji yana ƙaras-ƙaras yashi ya shige shi. Wanke shi, ya bushe, ka ɗiga masa siririn mai digo ɗaya. Giris na giyoyin da ke rufe ne kawai. Wanda aka shafa a waje, ƙura yake kira. Notin da ke shiga ƙarfe a sa masa shuɗin maganin hana kwancewa, wanda ke shiga roba kuwa a tsaya da zarar ya kama, don ramin roba in ya zarce ba ya dawowa.

Kayan alminiyon masu launi da nake gani fa?

Suna da kyau a ido, kuma a sitiyari ko mazaunin inji suna da amfani. Amma hannun taya, wato abin da ke haɗa taya da jikin mota, a bar shi na roba. Roba tana lanƙwasa ta dawo, in bugun ya yi yawa ta karye, ka sauya da kuɗi kaɗan. Alminiyon yana lanƙwashewa ya zauna a haka, ko ya miƙa bugun ga akwatin giya wanda ya fi shi tsada. Da wannan kuɗin gara ka sayi hannayen roba guda biyu ka ajiye a akwatin kayan aiki.