Kafin a danna "Format": kai fayil daga wannan kwamfuta zuwa waccan a cibiyoyin lafiya

'Yan uwa ma'aikatan lafiya, musamman masu riƙe da rijista da rahoton wata-wata, wannan jan hankali naku ne. A cibiyoyinmu da yawa yanzu kwamfutocin ba jinsi ɗaya ba ne. Ta ofis tana da Windows, jami'in sa ido ya zo da Mac, wata kuma masu tallafi sun kawo ta da Ubuntu, wani nau'in Linux. Idan ƙarshen wata ya zo ana son alƙaluman rigakafi da na awon ciki kafin a shigar da su DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya, sai a zura filash ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe ya ƙi karɓar fayil. A nan ne ake yin ɓarnar.

Windows idan ta ga filash ɗin da aka tsara da tsarin Mac, wato APFS, ko na Linux, wato ext4, ba ta iya karanta shi. Sai ta fito da saƙo cewa sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Don Allah kada a danna. Filash ɗin lafiyarsa ƙalau, fayilolin suna nan, kwamfutar ce kawai ba ta san tsarin ba. Fomat kuwa share komai yake yi. A zare shi, a mayar kan kwamfutar da ya fito, a kwashe abin da ke ciki tukuna.

Mac ita ma tana da nata halin. Filash ko babban diski mai tsarin NTFS, wanda shi ne na Windows, za ta nuna maka abin da ke ciki, ka kwafa, amma ba za ta bari ka zuba komai ba. Akwai kuma tsohon tsari FAT32 da ƙananan filash suke zuwa da shi daga kasuwa. Kowace kwamfuta tana jin sa, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, shi ya sa bidiyon horaswa ke maƙalewa alhali akwai fili. Mafita ita ce exFAT. Microsoft ta fitar da shi a 2006, Mac na karantawa tana rubutawa, Linux ma ta shigar da shi cikin ginshiƙinta tun 2019. A ware filash guda na ofis, a kwashe abin da ke cikinsa, a yi masa fomat da exFAT sau ɗaya, a manna masa takarda da sunan sashe.

Wannan filash ɗin bai kamata ya je shagon tura waƙoƙi ko wurin buga takardu ba. Mun san ƙwayar nan da ke ɓoye foldoji ta bar gajerun hanyoyi, wato shortcut, a madadinsu. Windows take kamawa. Mac da Ubuntu ba ta yi musu komai, abin da ke yaudarar mutane ke nan, har su ce filash ɗin ba shi da matsala tunda ya buɗe a wajensu. Mu ma'aikatan lafiya mun fi kowa sanin mutumin da ke ɗauke da cuta ba alama a jikinsa, amma yana yaɗa ta. A bincike filash da manhajar kariya duk lokacin da zai koma kan Windows. Su kuwa ƙananan fayilolin nan masu farawa da ɗigo, irin su .DS_Store, Mac ce ke barin su, ba ƙwaya ba ce.

Ko fayil ya tsallaka lafiya, da sauran rina a kaba, kuma ni a ganina nan ne haɗarin ya fi ɓoyewa, domin ba saƙon gargaɗi da ke fitowa. Ka buɗe fayil ɗin CSV, wato jadawalin da aka ajiye a zallar rubutu, kai tsaye da Excel, sifirin farkon lambar waya zai ɓace, 080 ta koma 80. Kwanan wata ma yana juyewa: idan kwamfuta ɗaya an saita ta da tsarin Amurka, 03/04 da aka rubuta da nufin 3 ga Afrilu za ta karanta shi 4 ga Maris. A rijistar rigakafi wannan na nufin a kira uwa ta kawo yaro ba a kan lokaci ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma sukan rikiɗe su zama alamomi marasa ma'ana idan ba a ajiye fayil da tsarin haruffa na UTF-8 ba. Saboda haka abin da za a karanta kawai a mayar da shi PDF. Abin da za a ci gaba da gyarawa a ajiye shi xlsx ko docx, LibreOffice na Ubuntu yana buɗe su. Bayan an kwafa a duba layuka kaɗan, a gwama da takardar rijista. Sunan fayil kuma a daina sa masa alamar tambaya, ɗigo biyu ko tauraro, Windows ba ta yarda da su.

Inda akwai rauta a ofis, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci, ba sai an yi ta yawo da filash ba. Ana iya buɗe folda guda a Windows, Mac ta shiga ta Finder, Ubuntu ta shiga ta Samba, duk ta hanyar da ake kira SMB, ba tare da an ƙona data ba. Amma a sa kalmar sirri, kuma idan mai gyara ya ce zai kunna SMB1, tsohon samfurin SMB, don wata tsohuwar kwamfuta ta samu shiga, a ce masa a'a. Ta wannan tsohuwar ƙofa ƙwayar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, har aka soke ganin likita da ayyukan tiyata kusan 19,000. Windows 7 ma tun Janairun 2020 aka daina aiko mata da gyaran tsaro, bai dace ita ce ke riƙe da foldar kowa ba.

Sai batun amana. Na san abin da ya fi sauƙi shi ne a jefa fayil a zauren WhatsApp na ma'aikata, kowa ya sauke. Jimillar alƙaluma ba laifi. Amma jerin sunayen masu karɓar maganin ƙanjamau ko tarin fuka, da lambobin wayarsu da unguwanninsu, ba kayan zaure ba ne, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake yi wa kariya ta musamman. Idan dole a tura irin wannan, a kulle shi da manhajar 7-Zip, a zaɓi tsarin kullewa na AES-256, a faɗa wa mai karɓa kalmar sirrin ta kiran waya. Idan da Mac ko Ubuntu mai karɓa zai buɗe shi, a tabbatar yana da manhajar da za ta buɗe kafin a tura. Da ya ce ya samu, a goge kwafin da ke kan filash.