Waiwaye: daga ina waɗannan turakun wutar na hanyar Tabuk suka taso?

Jiya a majalisarmu ta bayan isha'i nan Madina wani direba yake ba mu labarin manya-manyan turakun wuta da yake gani a hanyar Tabuk, wai ko duk na sola ne. To abin ya samo asali tun da nisa.

A 2001 ƙasashen Gulf shida suka kafa hukumar haɗa layukan wutarsu, hedkwatarta a Dammam. Sai 2009 aka kunna kashin farko: Saudiyya, Kuwait, Bahrain da Katar, daga baya Imarat, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da Oman suka shigo. Manufar lokacin ba wata babba ba ce, in tashar wani ta faɗi tsakar bazara ana fama da esi, maƙwabci ya ara masa wuta kafin ya miƙe. Kuma ko a nan sai da aka sha wahala, don wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta sauran kuwa sau 50, dole aka gina tashar juya wuta a Fadhili don su iya gaisawa.

Sai ga burin da Saudiyya ta sa na shekarar 2030, wai rabin wutar ƙasa ya fito daga rana da iska. Aka gina tashoshi: ta Sakaka megawat 300 na sola, ta Dumatul Jandal 400 na iska, ta Sudair 1,500 na sola. Matsalar sola kowa ya san ta, da azahar wuta har ta yi yawa, ana kiran magariba ta ɗauke, alhali esi na nan yana ta aiki, ga kuma yawancin tashoshin can cikin sahara nesa da inda mutane suke, layin da aka gina don aron gaggawa ba zai ɗauki wannan kai-komon na kullum ba.

Sai kuma layin da ya haɗa mu da Masar, wanda aka sa hannu kan kwangilarsa a Oktoban 2021: megawat 3,000, kusan dala biliyan 1.8, daga Badar ta wajen Alƙahira ya ratsa ƙarƙashin tekun Aƙaba zuwa Tabuk har Madina, wato hanyar da direban nan yake ganin turakun. Dabarar ita ce mu nan wuta ta fi ci da rana, su kuma da dare, sai a riƙa musaya.

Ni dai abin da ke raina kuɗin. Tun Janairun 2018 da aka kai kilowat halala 18 (halala ɗari ce riyal ɗaya) mun ji a jikinmu. Waya, taransifoma, baturan ajiye wuta irin na garin Bisha, wa zai biya? Direban nan ya yi dariya ya ce mu duba bil ɗin watan Yuli.