Daidaita Manhajar Giya da Sabuwar Kwanbata a Motocin Dizal

Daidaita manhajar giya shi ne sake rubuta umarnin da ke cikin kwamfutar akwatin giya na otomatik, domin ya dace da wata kwanbata (torque converter, mai haɗa inji da giya) da ba ta kamfanin da ya ƙera motar ba. Aikin ya fi yaɗuwa a Amurka da Kanada, wurin masu manyan motocin a-kori-kura na dizal da ake jan tirela da su: Ram mai injin Cummins da giyar 68RFE wadda ta fito a 2007, Chevrolet da GMC masu injin Duramax da giyar Allison 1000 daga 2001 zuwa 2019, sai Ford mai injin Power Stroke da giyar 6R140 daga 2011 zuwa 2019.

Kwanbata ita ce ke haɗa inji da akwatin giya, kuma da man giya take aiki. Injiniyan Jamus Hermann Föttinger ne ya yi rajistar fasahar a 1905, don jiragen ruwa. A cikinta akwai fanka da inji ke juyawa, tana feso mai kan wata fankar da ke haɗe da giya, kamar dai a kunna fanka ɗaya a gaban wata wadda ba a kunna ba. Tsakaninsu kuma akwai ƙaramin sashe mai karkatar da man, shi ne ke ninka ƙarfin juyi a lokacin tashi. Matsalar mai ita ce santsi, santsi kuwa yana haifar da zafi. Shi ya sa aka ƙara kulochi a ciki, wanda ke kulle ɓangarorin biyu idan mota ta ɗauki gudu.

Injin dizal yana ba da ƙarfinsa tun yana juyi kaɗan. Cummins mai lita 6.7 na 2007 yakan kai ƙololuwar ƙarfin juyinsa a juyi 1,500 a minti. Idan aka ƙara wa injin ƙarfi, kulochin kamfani, wanda sau da yawa mai faifai ɗaya ne, sai ya soma zamewa, mai ya yi zafi, faifan ya ƙone. A nan ne masu mota ke komawa ga kwanbatocin kamfanoni irin su Goerend da SunCoast da BD Diesel, masu faifai uku da murfin ƙarfe mai kauri.

Sai dai kwamfutar giya ba ta san an canza komai ba. Da lissafin tsohuwar kwanbata take aiki, tana turo mai yadda ta saba, alhali faifai uku suna cafkewa da sauri fiye da ɗaya. Sakamakon shi ne fizga mai ƙarfi a lokacin kullewa, ko karkarwa idan manhajar kamfani ta bar kulochin a rabin kullewa don laushin tafiya. Fizgar nan takan karya sandar da ke shigar da ƙarfi cikin giya, ko ta tsaga farantin da ke haɗa kwanbata da inji. Giyar Allison kuwa, da zarar ta ga zamewa ta wuce ƙima, sai ta maƙale a giya ɗaya don ta kare kanta.

Mai daidaitawa yakan jona kwamfuta ta kafar OBD-II, wato soket ɗin da ake jona na'urar binciken mota, da kayan aiki irin su EFILive ko HP Tuners. Yana gyara matsin mai, da gudun da za a kulle kulochi a kowace giya, da saurin shigar matsin, da yawan man dizal da za a rage wa inji a daidai lokacin sauya giya. Na ƙarshen nan wasu kan cire shi don motar ta ƙara zafin nama, kuma wannan ganganci ne, domin shi ne ke ba faifan giya damar kamawa kafin cikakken ƙarfi ya sauko musu. Ƙara matsi ma yana da iyaka: famfo da bawul-bawul na kamfani ba sa ɗaukar abin da ya wuce ƙirarsu sai an canza su.

Bayan an ɗora sabuwar manhaja, ana goge abin da kwamfutar ta koya a baya, a tuƙa motar a hankali har ta sake auna cikar kowane kulochi da mai. Kamfanonin mota kan janye garantin akwatin giya idan suka gano an taɓa manhajarsa.