Ba gaskiya ba ne cewa maganaɗisu da sufakondakta ba sa ga maciji

An daɗe ana cewa maganaɗisu abokin gāba ne ga sufakondakta, wato abin da lantarki ke ratsawa ba tare da cikas ko kaɗan ba. Maganar tana da tushe: a irin su dalma da zaiba, maganaɗisu mai ƙarfi yana rusa wannan hali.

Sai dai a 1986 masanan kimiyya Bednorz da Müller, a ɗakin binciken IBM da ke Zurich, sun samo wannan hali a haɗin jan ƙarfe da iskar oksijin, cikin sanyin da ya kai kusan digiri 238 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Abin mamakin shi ne, uwar wannan haɗi, wato sinadarin La2CuO4 kafin a ƙara masa komai, ko lantarki ba ta wucewa da shi. Kowace ƙwayar zarra ta jan ƙarfe a cikinta ƙaramin maganaɗisu ce, kuma sun jeru ne a juye: wannan sama, maƙwabciyarta ƙasa. Shi ya sa ba ta jan ko allura, har mutum ya ɗauka babu komai.

Da an ɗan zuba mata wani ƙarfe mai suna sitirontiyam, sai jerin ya wargaje, ta zama sufakondakta cikin tsananin sanyi, amma burbushin jerin ya rage. Masana da dama na ganin burbushin nan ne ke haɗa ilektoron, wato ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, bibbiyu, haɗuwar da ke sa lantarki ya ratsa ba cikas.