Waiwaye: Habte Giyorgis, kamammen yaƙin da ya zama mai naɗa sarakuna a Habasha

Wajen 1851 aka haifi Habte Giyorgis Dinagde a kudu maso yammacin Shewa, wani yanki a tsakiyar Habasha. Yana matashi dakarun Menelik, sarkin Shewa da daga baya ya zama sarkin Habasha baki ɗaya, suka kama shi a wani hari, aka kai shi fada ya yi hidima. Rashin jinin sarauta ne ya zame masa jari: wanda ba zai taɓa neman karaga ba, shi sarki ke iya damƙa wa makamai ya yi barci.

A yaƙin Adwa, ranar 1 ga Maris 1896, inda Habasha ta karya Italiya, Fitawrari Gebeyehu ya faɗi a fagen fama. Sarautarsa ta jagoran rundunar gaba sai ta koma hannun Habte Giyorgis. A 1897 ya ci ƙasar Borana da ke kudu, a 1907 kuma, da Menelik ya kafa majalisar ministoci ta farko, shi aka ba ma'aikatar yaƙi.

Ƙarfinsa ya fito fili ne bayan ciwo ya kwantar da Menelik. Jikan sarki, Lij Iyasu, ya gaji mulki, amma manyan Shewa ba su yarda da shi ba. Yana rage musu iko, yana kuma jan Musulmin Harar da Somaliyawa a jiki, abin da ya tayar wa Ingila da Faransa da Italiya hankali ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 27 ga Satumba 1916, yana Harar, aka tuɓe shi bisa zargin ya bar Kiristanci. Aka ɗora Zewditu, 'yar Menelik, aka sa Tafari Makonnen ya zama mai jiran gado.

Mahaifin Iyasu, Negus (wato sarki) Mikael na lardin Wollo, ya taso da runduna mai yawa, ya murƙushe mayaƙan Ras Lul Seged da suka tare masa hanya. A nan dabarar Habte Giyorgis ta yi aiki. Ya riƙa aika wa Mikael manzanni da zancen sulhu, alhali jira yake dakarun larduna su iso. Mikael ya tsaya sauraro maimakon ya wuce Addis Ababa tun tana da rauni, kuma wannan jinkirin ne ya ci shi. Aka gwabza a Segale ranar 27 ga Oktoba, aka kama shi da rai.

Daga nan mulki ya zama na mutum uku. Tafari na son zamani, Zewditu na riƙe da tsohon tsari, tsohon kwamandan kuma ya fi karkata gare ta, yana taka wa Tafari birki. Ko a 1918 da aka sallami ministoci, shi ba a taɓa kujerarsa ba.

Habte Giyorgis ya rasu a Disamba 1926. Nan da nan Tafari ya karɓe sojojinsa da makamansa da ƙasashen da yake riƙe da su. A 1928 aka naɗa Tafari Negus, a 1930 ya hau karaga da sunan Haile Selassie.